Ranar da Kaka Ta Zauna a Kan Nakiya

Jiya da hantsi ina zaune a ƙasa a gidan jikana a Arkilla, ga kwanon ruwa a gabana, sai wata ƙatuwar motar siminti ta wuce ta bakin titi. Tun kafin rurinta ya iso kunnena na ga ruwan kwanon ya yi zobe-zobe yana rawa. Matar jikana ta ga na ƙura wa kwano ido, ta ce ko ƙuda ne ya faɗa. Na ce mata ba ƙuda ba ne, ta je ta ci gaba da aikinta. Ta ina zan fara yi wa yarinya mai sauri irin wannan bayani? Kai da ka zauna karatu, kai zan gaya wa, tunda ga alama kana da lokaci.

A cikin birni aka haife ni, kusa da Ƙofar Marke, 'yan shekaru bayan shigowar Nasara. Kada ka tambaye ni shekarar, ba ma ƙirgawa. Abin da na sani shi ne lokacin da wannan abu ya faru ina famfara, bakina duk giɓi. Gidanmu gidan masu haƙar rijiya ne. Rijiyar da ke ƙofar gidanmu, wadda duk unguwa ke sha, kakana ne ya haƙa ta da hannunsa, ya ratsa jar ƙasa, ya ratsa marmara, har ya tarar da ruwa mai sanyin da ke sa haƙori tsami. Ya rasu kafin a haife ni, sana'a ta koma hannun Baba da ƙanensa, wanda muke ce wa Baffa.

Kaka, mahaifiyarsu, 'yar tsohuwa ce ƙarama, ba ta da jiki sai baki. Wani zazzaɓi ya tafi da jinta tun ban san kaina ba, sai an sa baki cikin kunnenta an yi ihu take kama magana. Da yake a ɗakinta nake kwana, ni aka bar wa wannan aiki. Ƙawata take ce mini, in ta so tsokana ta ce mai ƙofar gari a baki. Kullum tana zaune a dandariyar ƙasa gindin bangon ɗakinta, ƙafafu a miƙe, tana kaɗi. Ga auduga, ga alli, ga mazari yana juyawa a cikin sakaina. Tabarma ma ba ta damu da ita ba, ta ce tana sa mata ƙaiƙayi.

Akwai abin da ya kamata ka sani, don 'yan yanzu ba su san shi sosai ba. Baba shi ne ɗan farin Kaka. A wurinmu uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta zama hira da shi, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Kara ke nan. Ban taɓa ganin Kaka ta dubi Baba ido cikin ido ba. In ya zo gaishe ta da safe, ya durƙusa daga bakin ƙofa, sai ta amsa tana duban bango. In tana da magana da shi, ko yana tsaye a gabanta, ni za ta ce wa in gaya wa uban nawa. Baffa kuwa, da shi ake faɗa, da shi ake dariya, har rankwashi yake sha da gemunsa.

A shekarar nan Nasara suka tashi gyaran hanyar mota, suna neman dutsen da za su yi kwalbati da shi. Bayan ganuwa, ba nisa da ƙofa, akwai wani faffaɗan fako na marmara inda muke zuwa tsinko magarya. Nan suka kafa rumfa. Aka ɗebo leburori daga ƙauyuka, yawancinsu ba da son ransu ba. Mutum biyu ke huda dutsen: ɗaya ya riƙe dogon ƙarfe yana juyawa, ɗaya yana bugu da guduma, har a sami rami. Sai a ɗura nakiya, a toshe da yumɓu, a bar lagwani a waje. In an yi sallar azahar, heluma, wato shugaban leburori, ya ɗaga jan ƙyalle a kan gora, ya busa ƙaho, kowa ya ruga, a sa wuta. Sau ɗaya a yini, ba fashi, har mata suka riƙa aza tukunyar dare da shi.

Ranar farko awaki suka tsinke, tantabarun Baffa suka tashi ba su dawo ba sai magariba. Da aka kwana biyu mutane suka saba, yara ma har muna jira mu toshe kunne mu yi shewa. Kaka ce kaɗai ba ta saba ba, ita da ba ta jin ƙarar. Abin da ya ba ni mamaki, kullum ita ke riga mu sani. Muna zaune sai ka ga mazarinta ya yi tsalle daga cikin sakaina, ta ce, "Ga shi nan," sannan dum ɗin ya iso kunnenmu. Na ɗauka duba take yi. Da na tambaye ta, sai ta kama ni ta zaunar a ƙasa kusa da ita, ta danna tafina a kan daɓe, muka jira. Na ji shi kuwa. Wani abu ya bi ta ƙarƙashinmu, ya shiga hannuna ya hau har haƙorana, kafin ƙarar ta zo.

Daga nan na fara lura. Randar Inna, mahaifiyata, ta tsage daga gindi ba wanda ya taɓa ta. Bangon zaure ya yi layi siriri, bayan mako guda har ana sa yatsa. Ruwan rijiya da ke fitowa garai-garai ya koma ja, in an ajiye shi laka ta kwanta a ƙasan tulu. Bazara ce, zafi kamar a bakin murhu, ruwa ya ja baya, kuma lokacin yasa ya yi. Kowace shekara kafin damina Baba kan shiga rijiyar ya kwashe lakar da ta taru, idon ruwa ya buɗe. Bana mata sun dame shi da ƙorafi, ya sa ranar Talata.

Da Kaka ta ga ana murza igiya a tsakar gida, ta kira ni. Baba yana nan zaune, tsakaninsu bai fi taku biyar ba.

"Ƙawata, hwaɗa ma uban naki, abin ga ba sama shika biyowa ba, ƙasa shika biyowa. Kar shi shiga rijiyag ga sai sun ƙare haukansu."

Na juya na maimaita. Baba ya sunkuyar da kai ya ce, "Ki ce mata na jiya." Amma da ya koma zaure na ji yana ce wa Baffa, "Ai tsawa ta. Wa yat taɓa jin tsawa ta ishe mutum cikin rami?" Baffa ya ce gaskiya ne, kuma ai sai bayan azahar suke tayarwa, da hantsi sun gama sun fito.

Kada ka ce wauta ce. Su mutanen rami ne. Wanda ya sauka gindin rijiya ya san babu inda ya kai can shiru a duniya. A yi kiɗa a bakin rijiya, a yi hadari, shi dai sanyi da shiru. Tun kakanninsu sun gaji cewa abin tsoro daga sama yake faɗowa, ko guga ko tsakuwa, don haka sama suke tsaro. Ba wanda ya taɓa gaya musu bango da kansa zai iya motsi.

Talata da sassafe Baba ya ɗaura bante ya sauka. Baffa da samari biyu suna jan gugan laka. Rana ta ɗaga kaɗan, ina kusa da Kaka ina fiffige mata auduga, sai na ga mazari ya yi tsalle. Ba ta ce ga shi nan ba. Ta dube ni kawai, sannan ƙarar ta iso. Ashe Baturen aikin ya ga damina na matsowa, ya ce daga ranar sau biyu za a riƙa tayarwa, ba wanda ya ga ya dace a sanar da mu.

Salatin Baffa muka ji. Gefen rijiyar na gabas ya zabtaro daga tsakiya, ya binne Baba har ƙirji. Yana da rai, ana jin nishinsa. Amma a saman kansa wani ƙaton ɓangaren marmara ya tsage ya rataye, abu kaɗan yake jira. Mutumin da ƙasa ta riƙe haka ba a ja shi da igiya, sai a raba shi biyu. Sai dai mutum ɗaya ya sauka a hankali, ya tokare bango da guntayen azara, ya riƙa yaye ƙasar da ƙwarya da yatsu, ba fartanya ba diga. Baffa ya ce ko an yi sauri sai la'asar. Kowa ya dubi rana, don kowa ya san abin da ke zuwa bayan azahar.

Mai unguwa ya tafi da kansa wurin rumfar, ya dawo yana share gumi. Ya ce Bature ya ce rijiya tana da nisa, ƙara ba ta rushe rijiya, tsufa ne ya kayar da ita. An riga an ɗura nakiya, kuma wadda aka ɗura ba ta kwana. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma an ce mu ba mu san namu ba.

Inna ta faɗi tana birgima, mata suka cika gida da kuka. Na sa baki a kunnen Kaka na gaya mata abin da mai unguwa ya ce, ina kuka ina ihu. Ko gezau. Ta tattara audugarta da mazarinta ta zuba a ƙwarya, ta yafa mayafi, ta fita. Ta bi ta gefen rijiyar ba ta ko waiwaya ba. Na ji wata maƙwabciya tana cewa wannan kara ta yi yawa, ɗanka na cikin kabari kana tafiya unguwa. Wallahi a lokacin nan na tsani Kaka, tsana irin ta yaro, mai zafi. Na bi ta a baya ne don in ga gidan da za ta shiga ta zauna, in zage ta a gaban mutane.

Ba ta shiga gidan kowa ba. Ta fita ta ƙofa, ta miƙe fakon nan. Leburori suna zaune a inuwa suna jiran lokaci, suka bi ta da ido. Ta haye kan dutsen tana duban ƙasa, har ta kai inda aka jera ramuka da lagwani a bakinsu. Ta zaɓi na tsakiya ta zauna a kansa, ta miƙe ƙafafu kamar a gindin bangonta. Sai a nan ta gan ni. Ina ta ɗaga ƙafa ɗaya ina sauke ɗaya, don dutsen ba ya takuwa saboda zafi. Ta cire mayafinta ta ninka huɗu ta shimfiɗa.

"Zamna nan. Kuma kar ki hwaɗa min abin da sunka ce. Yau ba ni da kunne ko na aro."

Ta shafa alli a yatsu, ta kama kaɗi.

Heluma ya zo da gudu yana ɗaga hannu. Ya yi magana, ya yi roƙo, ya yi ihu, mazari na ta juyawa. Aka kira tafinta, wani dogo mai farar riga da Hausar gabas a bakinsa. Ya durƙuso ya ce mini, "Ke yarinya, gaya wa tsohuwar nan wuta ce a ƙarƙashinta." Na ce masa ta sani. Ya ce to in gaya mata hukuma ce ta ce ta tashi. Na rufe bakina. Tsoro ya cika ni har ina jin fitsari, amma na rufe bakina, kuma har gobe ina alfahari da wannan.

Can sai ga Baturen da kansa, fuska ja wur a ƙarƙashin malafa. Kaka ta ga inuwarsa ta faɗo kan audugarta. Ba ta ɗaga kai ba, ta yi magana da ƙarfi irin na kurame, har na bayan dutse suka ji.

"A hwaɗa mai uban yarinyag ga na cikin rijiya. In shina son tada abin nai, shi tada. Ga mu."

Bature ya ce a ɗauke ta. Heluma ya juya ga leburori, kowa ya sami abin dubawa a ƙasa. Wani dattijo cikinsu ya ce shi dai an kawo shi fasa dutse ne, ba a kawo shi ɗaukar uwar wani ba. Ɗan sandan da ke gadin rumfa ya matso, ya miƙa hannu, ya ga tsohuwa kai ba mayafi, furfura a waje, ta ɗaura lagwanin a babban yatsan ƙafarta. Ya mayar da hannunsa aljihu.

Aka kira azahar daga cikin birni. Ba a busa ƙaho ba. Bature ya ce tunda haka ne kada a zauna banza, a ci gaba da huda a can ƙarshen fakon, nesa, bayan Kaka. Guduma ta sauka sau uku ke nan, ni da kyar nake jin ta, sai Kaka ta ajiye mazari ta daka tsawa ba tare da ta juya ba.

"Wa ka bugun dutse can baya? A hana shi!"

Mai gudumar ya tsaya da ita a sama. Tafinta ya gaya wa Bature cewa tsohuwar nan kurma ce, ko ganga ba ta ji. Bature ya dube ta, ya dubi inda masu hudar suke. Ya sunkuya ya aza tafinsa a kan dutsen, ya fizge shi da sauri yana yarfewa. Ba zan yi maka ƙarya in ce ya yi nadama ba, ban ga alamarta ba. Ya ciro agogo ya duba, ya faɗi wata magana da tafinta bai fassara ba, ya koma rumfarsa. Guduma dai ba ta sake sauka ba.

Haka muka zauna. Dattijon nan ya kawo mana ruwa a gora, Kaka ta ce in sha, ita ta jiƙa leɓe kawai. Wani ya tsaya a kanmu da malafarsa yana tare rana, in ya gaji wani ya karɓa. Gumi yana ɗiga daga haɓarta, zaren yana tsinkewa tana ƙullawa. Sau ɗaya na ji tana wani ƙaramin sauti a maƙogwaro, na leƙa fuskarta, ta ce me nake kallo da wannan ƙofar gari tawa.

Inuwa ta yi tsawo, an yi la'asar har ta yi sanyi, sannan muka hango Baffa yana tahowa, laka tun daga kai har ƙafa, yatsunsa na jini. Ya durƙusa ya sa baki a kunnen Kaka.

"Inna, mun hisshe shi. Shina da rai. Ƙahwa guda ta kariye."

Ta naɗe zarenta a hankali, ta kwance lagwanin daga yatsa. Abin da ta ce kawai shi ne, "Tashi mu tahi, ƙawata, ba a aza tuwo ba." Amma ta kasa tashi, sai da Baffa ya goya ta. Muna shiga ƙofa muka ji ƙaho. Muna isowa gida ƙasa ta motsa, sai ƙura ta turnuƙe daga bakin rijiya. Dutsen da ya rataye ya sauka da duk abin da ke bayansa, daidai inda Baba ya yini. Daga ranar ba a sake shan ruwan rijiyar kakana ba.

Da na taimaka mata ta kwance zane na ga abin da dutse ya yi. Tun daga cinyoyi har dugadugai fata ta tashi ta yi bororo, wani wurin ta saɓule. Kusan wata biyu a kan gefe ɗaya take kwana, ni ke shafa mata man shanu da gashin kaza. Ta ce in na kuskura na gaya wa uban nawa sai ta cire sauran haƙoran. Shi kuma yana can ɗakinsa, maɗori ya ɗaure masa ƙafa da karare. Labarin zaman dutse ya riga ya cika birni, ba yadda za a ɓoye masa. Ya aike ni in ce mata ya ji abin da ta yi, bai ƙarasa ba ya juya fuska bango. Na je na faɗa mata iya abin da na samu.

"Ki ce mai ba don shi niy yi ba," in ji ta. "Rijiyam mijina nit tahi tsaro."

Baba ya warke da ɗingishi, bai sake shiga rami ba, ya koma murza igiya yana sayarwa. Sau ɗaya kawai ya karya wannan, ranar da Kaka ta rasu, ina da goyon fari a lokacin. Ya karɓi diga daga hannun masu haƙar kabari, ya ce kowa ya matsa. Ƙasar wurin marmara ce, ga ƙafa ɗaya, ga shekaru, amma bai bar ko Baffa ya taɓa ba. Da ya fito ya zauna a gefe, idonsa a bushe. Ni da na yi mata wanka na sake ganin tabon nan fari a bayan ƙafafunta, na yi kukan har da nasa.

Yanzu fakon nan duk gidaje ne, ko ni ba zan iya nuna maka inda muka zauna ba. Ruwa a famfo yake zuwa, ran da ya ga dama. In katafila ta zo da jan fenti a bangon mutum, sai ya rubuta takardar koke ya kai ofis, a ce ya dawo jibi. Iyaye mata kuma suna kiran ɗan fari da sunansa tun daga bakin titi, suna rungume shi a gaban suruki. Ban ce laifi ba ne, kowa da zamaninsa. Ni dai nawa ɗan farin yau gemunsa fari fat, kuma sunansa bai taɓa fita daga bakina ba. Jikokina suna tsokanata wai ba na son ubansu. Ba na musu da su. Allah dai kada Ya kawo ranar da za su gani.